Burgi da Ƙoƙon Kan Mijinta

Ina jera kifi a kan wayar kyafa, hayaƙi ya cika mini ido, sai na ji Kilian mai jirgin fito yana ƙwala mini kira daga bakin tafki. Ban waiwaya ba, don na san halinsa, kifi mai zafi yake so ya karya kumallo da shi. Sai da ya zo har gabana na ga hularsa a hannu. Kilian kuwa ko a coci sai an zungure shi yake cire hula.

"Zenzi, ajiye kifin nan tukuna," ya ce.

"Burgi ce?"

"Ita ce. A kujerarta ta bakin taga aka same ta, rai ya yi halinsa. Gahawarta ko rabi ba ta sha ba."

Na nemi gungumen itace na zauna. A bayan Kilian jirginsa yana juye baƙin farko na ranar, kowa ya ɗaga wayar hannu sama yana ɗaukar hoto tun ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba. Wata daga cikinsu ta hango mace zaune cikin hayaƙi tana kuka, ga kifi jere a bayanta, ga dutse mai farar ƙanƙara can sama, abin ya burge ta, ta ɗauke ni hoto. Har da yi mini murmushin godiya. Da Burgi na da rai, da matar nan ta koma jirgi tana ɗigar ruwan wankin kifi.

Rana ba ta faɗi ba sai da Engelbert, mai otel ɗin bakin dandali kuma shugaban kwamitin coci, ya fara gaya wa mutane cewa za a kafa allon tagulla da sunanta, wai gari ya yi rashin uwa. Mutumin da ya taɓa kai mata ɗan sanda har gida! To, kafin su wanke ta da ƙaryarsu su rataye a bango, bari in faɗi ko wace ce ita.

Sunanta na baftisma Notburga, amma ban taɓa jin wanda ya kira ta haka ba in ba Fada ba. Babanta shi ne mai haƙa kabari a Hallrain. Garinmu dutse ya matse shi ta baya, tafki ya tare shi ta gaba, gidaje sun hau kan juna kamar kwanukan da aka jibge, maƙabartar kuwa ba ta fi tsakar gida ba. Saboda haka tun zamanin da kakanninmu suka fara haƙo gishiri daga cikin dutsen nan, mamaci shekara goma sha biyu yake samu a ƙasa, sannan a tono shi ya ba na baya wuri. A wanke ƙoƙon kan, a shanya shi rana da farin wata su yi ta dukansa har ya yi fari tas, a rubuta masa sunansa a goshi, a zana masa ganye in namiji ne, fure in mace ce, a kai shi ɗakin ƙasusuwa kusa da danginsa. Wanda ya yi zanen shi ke ajiye kan da hannunsa, kuma yadda ya ajiye shi haka zai zauna, ko Fada ba ya gusar da shi. Baban Burgi yakan ce, "A garin nan ko gawa 'yar haya ce."

Tana budurwa hannun baban ya fara rawa, ta karɓi buroshin zanen kawunan daga wurinsa. Tun daga nan duk kan da ya shiga ɗakin nan ta hannunta ya bi.

Nawa rabon da ita ta dalilin mahaifiyata ya zo. Da aka tono ta, na kai kan wurin Burgi a naɗe cikin tawul, na riƙe shi nesa da jikina. Ta girme ni nesa ba kusa ba, kuma duk gari tsoron bakinta ake yi. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Uwarki ce, ba maciji ba. Riƙe ta da kyau." Da ta gama furannin, sai ta miƙo mini buroshin, ta ce in ƙara ganye ɗaya da hannuna don uwata ta san na zo. Na yi iya yina. Burgi ta daɗe tana kallon abin da na zana.

"Mene ne wannan?"

"Ganye ne, Yaya."

"Ganye? Kwaɗo ne mota ta taka. Allah Ya ba uwarki haƙuri."

Na fashe da dariya ina hawaye, ita ma ta yi, kuma rabon da a ga haƙoranta a waje an daɗe. Daga ranar ta laƙaba mini Mai Hannun Kwaɗo, daga ranar kuma ban ƙara kyafa kifi ban kai mata nata ba.

Ba zan ce mace ce mai daɗin zama ba don ta mutu. Harshenta aska ne, ba ta san gaisuwa mai tsawo ba, in ta ƙi mutum har jikokinsa sai sun ɗanɗana. Mutum ɗaya tak na sani da bai taɓa jin kaifin bakin nan ba, mijinta Severin. Mahaƙin gishiri ne, dogo, mai wushirya, ba ya iya minti biyar bai yi dariya ba. Tana masifa yana dariya, har ta gaji ta zuba masa miya. Allah bai ba su haihuwa ba. Ciwon ƙirji ya ɗauke shi yana da sauran ƙarfinsa, ya bar ta da gida mai ɗaki biyu da taga mai kallon ruwa.

Da shekarunsa na ƙasa suka cika, ita ta tono shi da kanta, ba ta yarda kowa ya taɓa shebur ba. Ta shanya shi a bakin tagarta. Kowa ya ɗauka ganye za ta zagaya masa kamar sauran maza, a yini ɗaya a gama. Ina! Burgi ta kwashe bazara guda a kan kan nan. Jan wardi ta yi masa, fure bisa fure, tun daga goshi har ƙeya, kowane da ƙayarsa da raɓarsa, kai ka ce in ka sunkuya za ka ji ƙamshi. Ga wushiryar nan tana nan yadda take. Wanda duk ya kalle shi sai ya ga kamar yanzun nan zai ba da labarin ban dariya.

Tsohon Fada na lokacin ya leƙo ya ce, "Notburga, fure na mata ne."

Ta ce, "Fada, mijinka ne ko nawa?"

Ta kai shi ɗakin ƙasusuwa ta ajiye a kantar tsakiya cikin kantocin da ake jera kawuna, fuskarsa tana kallon ƙofa, don in ta shigo ita zai fara gani. Ta bar ɗan fili a gabansa, kamar faɗin tafin hannu biyu, inda take kunna masa kyandir. Kullum da safe sai ta hau matakalar da ke kaiwa ɗakin ta je ta gaya masa abin da ke gari, wanda ya haihu, wanda ya yi abin kunya, da yadda gwiwarta ta kwana.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Wani mai ɗaukar hoto ya zo daga birni, ya shiga ɗakin, ya ga Severin. Ba a jima ba sai ga Severin a katin hoto. Daga kati ya hau kofin shayi, daga kofi ya hau riga, ya hau gwangwanin biskit, ya hau maƙalin makulli. Suka raɗa masa suna Mai Murmushi. Jirgin Kilian da a da yake ɗauko buhunan fulawa da ma'aikatan gishiri ya koma ɗauko 'yan yawon buɗe ido, safe da yamma, rani da hunturu. Kwamitin coci ya dasa tebur a ƙofar ɗakin ƙasusuwa ana yankar tikiti. Mutane su yi layi tun daga matakala, ba don kakanninmu da ke jere ɗari bisa ɗari ba, don su kara kumatunsu kusa da mijin Burgi su washe baki. Wata rana ta shiga ta tarar wani saurayi ya ɗora masa baƙin tabarau, abokansa suna ta shewa.

Engelbert ɗan wan Severin ne. Severin ya goya shi a kafaɗa, ya koya masa iyo a tafkin nan. Shi ne ya sa aka zana kan baffansa, wardi da wushirya da komai, a allon otel ɗinsa, da fitila a ƙasa don a gani daga cikin ruwa.

Daga nan Burgi ta ɗaura yaƙi da duk wanda ya sauka daga jirgi. Akwai kwanar da ke gaban gidanta, inda ake ganin hasumiyar coci da tafki da dutse gaba ɗaya, nan suke cunkushewa. Sai ta ja igiyar shanya ta ratsa wurin, ta jera tsofaffin kamfanta da safar Severin masu huji, ta bar su nan ko sun bushe. Wasu suka tura ƙofar kicin ɗinta suka shiga, sun ɗauka gidan tarihi ne, ta rako su da tsintsiya har bakin ruwa. Amma duk wannan huce haushi ne. Abin da take so ɗaya ne, a kawar da idon baƙi daga fuskar mijinta.

Ta fara da juya shi. Da safe ta hau, ta juya fuskarsa bango. Kafin jirgin farko ya iso Engelbert ya hau ya juyo shi. Haka suka yi ta yi har ƙanƙara ta sauka ta narke. Ranar wata Lahadi bayan an fito coci ya tare ta a gaban mutane.

"Goggo, don Allah ki daina wahalar da gwiwarki."

"Gwiwata ta fi fuskarka kunya. Kai ko nauyin baffanka ba ka ji? Da ya san haka za ka zama, da ranar da yake koya maka iyo ya sake ka."

"Goggo, rabin garin nan da Baffa suke cin abinci."

"To, ku ci uwayenku mana! Taka tana kantar ƙasa, na yi mata fure mai kyau. Sa ta a gwangwanin biskit."

Mutane suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Engelbert ya yi ja har kunne, amma ɗan kasuwa ne, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ke kika ajiye shi yana kallon ƙofa, Goggo. Yadda mai zane ya ajiye, haka kai zai zauna. Ke kika koya mana wannan, ba ni na ƙirƙiro ba."

Ban taɓa ganin an rufe wa Burgi baki ba sai ranar. Ta juya ta sauka matakala, na bi ta har gida.

Ba a yi sati ba ta ɗauki kwandon cefane da rana tsaka, ta ratsa layin baƙi, ta ɗauki Severin ta sa a ƙarƙashin kabeji, ta fito. Yarinyar da ke yankar tikiti ta gani sarai, tsoro ya hana ta tare ta. Da na kai kifi da yamma na tarar da shi a kan teburin kicin, an shimfiɗa masa farin ƙyalle, Burgi tana soya dankali tana ba shi labari. Fuskarta ranar kamar ta amarya. Ta zuba mini abinci, muka ci mu uku, in ji ta.

Kwana kaɗan ta samu. Engelbert ya zo da sabon Fada da ɗan sanda. Ɗan sandan yaron garin ne, Burgi ta yi wa kakarsa zane, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hula kamar shi ne ɓarawon. Fada ya yi ta lallashi, wai duk abin da ya shiga ɗakin nan ya zama na coci da na tarihin ƙasa.

"Tarihin ƙasa?" in ji Burgi. "Da yake tari yana tofar da jini, ina ƙasar take? Ni na wanke shi da rai, ni na wanke shi ƙashi. Fada, kai da ba ka taɓa aure ba, me ka sani a nan?"

Engelbert ya miƙa hannu zai ɗauka, ta buge hannun da cokalin miya. "Kada ka taɓa shi da hannun da kake ƙirga tikiti." Ita ta ɗauke shi, ta hau matakalar nan da gwiwarta mai ciwo, suna biye da ita, ta mayar da shi wurinsa. Washegari kwamiti ya sa aka kafa ƙarfuna daga ƙasa har rufi a gaban kantocin, aka datse da kwaɗo, makulli a aljihun Engelbert. Tun daga ranar Burgi leƙen mijinta take yi ta tsakanin ƙarfe, kafaɗa da kafaɗa da masu waya. Kyandir ma sai dai ta kunna a gida.

Ta jefa buroshinta a tafki. Dama yawancin mutane yanzu ƙona gawa suke yi, masu son shiga ɗakin ƙasusuwa sai sun faɗa da bakinsu tun suna da rai. Burgi ta shelanta wa duk mai kunne cewa ita a ƙone ta a watsa tokar a ruwa, gara kifi ya ci ta da baƙo ya kalle ta. Ni kaɗai na san abin da maganar nan take ci mata, domin ta yi wa Severin alkawari a gadon ciwonsa cewa kusa da shi za ta zauna. Engelbert kuwa ya yi ta aike, yau kek, gobe kwalbar giya, wai ai bai dace mai zane ta yi nesa da aikinta ba. Kowa ya san lissafinsa: Mai Murmushi da matar da ta zana shi, gefe da gefe, sabon kati ke nan. Kek ɗin agwagin ruwa take watsa wa.

Shekaru suka tafi a haka. Sai Lahadin da ta wuce, ana gama addu'a, Burgi ta miƙe da sandarta tun mutane ba su watse ba.

"Engelbert, zo nan. Fada, kai ma tsaya ka ji. Na fasa ƙonawa. In na mutu a binne ni, in lokaci ya yi a kai ni ɗakin ƙasusuwa."

Engelbert ya kusa faɗuwa don murna. "Goggo, Allah Ya saka miki! Daga birni zan ɗauko mai zane, wanda ya fi kowa."

"Ba na son na birni. Zenzi za ta zana ni, Zenzi za ta ajiye ni. Kuma yadda ta ajiye, haka zan zauna, ko ba haka al'adar ta ce ba?"

"Haka ta ce, Goggo."

"Faɗi da ƙarfi, kunnena ya mutu."

Ya faɗa da ƙarfi, hannunsa a kan littafin addu'a, gaban Fada da duk wanda ya zo coci ranar. Na san zai karanta wannan rubutu. To, ya karanta mana. Ya riga ya rantse, kuma masu shaida sun fi arba'in.

Ni dai ranar raina ya ɓaci, na ga kamar tsufa ya karya ta. Ban je gidanta ba sai ana gobe za ta rasu. Na kai mata kifi biyu da yamma, na same ta a kujerar bakin taga, ta rufe ƙafafunta da bargo. A ƙasa baƙi suna ta ɗaukar hoton kamfanta.

"Kin gama fushin?" ta ce.

"Yaya, me ya kai ki? Shekara da shekaru kina faɗa, ƙarshe ki miƙa masa kanki a faranti? Kuma ni? Kin san hannuna."

"Don na san shi na zaɓe shi, sakarya. Zauna."

Na zauna. Ta ɓare kifin tana ci da yatsu.

"Kin tuna filin da na bari a gaban Severin, na kyandir?"

"Na tuna."

"Na auna shi da ido ta tsakanin ƙarfen nan ya fi a ƙirga. Kaina zai shiga daidai. Can za ki sa ni. Ba a gefensa ba, a gabansa, goshina a goshinsa. Ni in kalle shi, shi ya kalle ni, su kuma in ba su ƙeya. Mai son ganin wardi sai ya fasa ni tukuna."

Na zuba mata ido. Ta ci gaba da cin kifinta kamar maganar farashin kabeji take yi.

"Laifina ne, na yi masa kyan da ya fi ƙarfin gari. To, ni kada ki kuskura ki yi mini kyau. A ƙeyar za ki yi zanen, babba, yadda duk wanda ya ɗaga waya zai sauke."

"Me zan zana?"

"Ganye. Irin na uwarki."

"Kwaɗon da mota ta taka?"

"Shi. In kin samu hali ki yi biyu."

Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, na kifa kaina a gwiwarta. Ta ɗora mini hannu mai man kifi a gashi, ta bar shi nan, abin da ba ta taɓa yi ba tun da na san ta. Jirgin Kilian ya yi ƙaho a ƙasa yana kiran baƙin ƙarshe. Da na tashi zan tafi, har na kai ƙofa, ta kira ni.

"Mai Hannun Kwaɗo."

"Na'am, Yaya."

"Shekara goma sha biyu ce. Ki rage shaƙar hayaƙin nan, ki riƙa sa rigar sanyi. In kika mutu kafin a tono ni, wallahi ba zan yafe miki ba."

"Ba zan mutu ba, Yaya."

"To. Gobe ki rage gishiri a kifin, kin cika hannu."